Mahauci da Awara

Shekara talatin da huɗu ina riƙe da wuƙa
a mayankar Jos, tun kafin assalatu.
Hannuna ya san haƙarƙari ko a duhu,
ya san inda ake lallaɓawa, ya san inda ake sara.

Sai ga ni kan bencin asibiti, an naɗe min dantse,
Sista Kangyang na duban awo kamar mai karanta takardar bashi.
Ta ce, "Baba Barau, jininka ya haye duwatsun Shere.
Kitse, a'a. Tsire, a'a. Gishiri, ɗan taɓawa."
Na ce, "To me ya rage, 'yata?"
Ta ce, "Wake. Ganye. Ka gwada awara."

Awara!
Abin da 'yan makaranta ke saya a leda,
ni da ko hanta sai na zaɓa kafin in fara.

Ranar farko a ɓoye na ci, a wani lungu na Gangare,
ruwa na dukan kwanon rufi, ƙanƙara na tsalle a kwata.
Na tauna. Ba ƙashi, ba jijiya, ba abin sakace,
kamar cuku da bai taɓa ganin saniya ba.
Na lashe yajin, na waiga,
na ce wa yarinyar ta ƙara.

Amma zance ba ya kwana a garin nan.
A teburin mai shayi Ɗan'azumi ya dire kofi:
"An ce waken suya na kashe mazakuta.
An ce namiji kan yi nono.
An ce da ruwan batir ake kama ta."
Na ce, "Wa ya ce?"
Ya ce, "Waya."
Aka bushe da dariya, har da ni.
Da dare kuwa maganar ta shigo bargo tare da ni,
ina juyi har zakara ya yi cara.

Mahauci ba ya sayen sa a cikin duhu.
Na taka har Unguwar Rogo, gidan Tasalla,
na zauna kan turmi ina kallo.
Ta jiƙa, ta wanke, yaro ya kai inji,
ta tace a farin ƙyalle, ta ɗora tukunya.
"Waken nan ba ya yafe gaggawa," in ji ta, "sai ya sha wuta."
Ta ɗago wata roba: "Ga batir ɗina, Baba."
Na sansana. Ruwan tsamin gasara.

"In tsoro za ka ji, ji tsoron kasko.
Man da ya soya jiya, ya soya shekaranjiya,
ya yi baƙi kamar na injin tifa,
shi wasu ke mayarwa wuta don riba ta dara."

Na koma wa Sista da guzurin jita-jita.
Ba ta yi dariya ba.
"Ci na hankali bai mai da kowa mace ba, Baba.
Mai shan maganin maƙoƙo dai ya tambayi likita,
tsakanin ƙwaya da wake akwai tazara.
Kuma akwai jikin da ba ya shiri da shi."
Nan na tuna jikana Nazifi,
loma biyu, leɓe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu.
Shi kam mun daddara.

Yanzu a miyar alayyafo ake dafa min, ba suya.
Jinin ya sauko matakala ɗaya, ba zan yi ƙarya ba,
da ƙwaya, da tafiyar ƙasa zuwa Dilimi,
ban san rabon da wake ya ɗauka a ciki ba.
Ɗan'azumi kan miƙo hannu kwanona
yana kallon wani wajen, kamar ba shi ba.

Har yau ƙamshin tsire a Taminus
na kirana da sunan da uwata ke kirana.
Nakan amsa sallama, in gyara hula, in wuce.
Naman da aka rubuta min na ci mafi yawansa.
Kwanakin ne nake lallaɓa saura.